Notin Birkin Tsohuwar Mota: Yadda Ake Sanin Ƙarfin Ɗaurinsa

A ƙauyuka da yawa, tsofaffin motoci ne ke ɗaukar jama'a da kaya zuwa kasuwa. Su ne ke kwaso taki a farkon damina. Su ne ke kai hatsi birni da kaka. Su ne kuma ke kai marar lafiya asibiti cikin dare. Wasu daga cikinsu sun haura shekara 30 a kan hanya, wasu ma sun kai 40.

Babbar shaida ita ce motar Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo. An fara ƙera ta a ƙasar Faransa a shekarar 1968. A shekarar 1975 aka buɗe kamfanin harhaɗa Fijo a Kaduna. An yi kusan shekara 30 ana fitar da 504 daga can. Tuni aka daina yin ta, amma har yanzu ana ganin ta a tashoshin karkara.

Tsufa ba laifi ba ne ga mota, muddin ana kula da ita. Wurin da ya fi bukatar kulawa shi ne birki. A cikin birkin kuma akwai wasu notuna guda biyu da ba a cika damuwa da su ba. Ran direba da na fasinjojinsa yana rataye a jikinsu.

Yadda birkin faifai yake aiki

Birkin mota iri biyu ne. Akwai na ganga, akwai na faifai. Fijo 504 tana da birkin faifai a ƙafafun gaba. Wasu ƙananan 504 suna da shi gaba da baya. Doguwar nan mai ɗaukar fasinja da yawa, da kuma a-kori-kura, ganga ce a bayansu.

Faifan wani ƙarfe ne mai faɗi da ke juyawa tare da taya. A gefensa akwai wani ƙarfe mai kamar baki, wanda ya rungume shi. Makanikai suna kiransa kalifa. A cikin kalifa akwai takalman birki biyu, ɗaya ta kowane gefe.

Idan direba ya taka birki, man birki zai bi ta tiyo ya shiga kalifa. Man zai tura fistin, fistin ya tura takalman. Takalman su cije faifan, taya ta rage gudu, mota ta tsaya.

A lokacin nan faifan yana ƙoƙarin fizge kalifar ya tafi da ita. Abin da ke riƙe ta a jikin mota shi ne notuna biyu. Duk nauyin mota da lodinta da gudunta, a kansu yake ƙarewa. Ga kuma zafi, domin faifan yana yin zafin da hannu ba zai iya taɓawa ba. Ga gargadar hanya da ke jijjiga su kullum.

Sakaci illa, wuce gona da iri illa

Idan ba a ɗaure notin sosai ba, jijjiga za ta riƙa kwance shi a hankali. Da farko za a ji ƙara, ƙwas, duk lokacin da aka taka birki. Daga baya notin ya fice ya faɗi. Kalifa ta karkace ta daki ƙarfen taya. Taya tana iya cijewa nan take, ko tiyon mai ya tsinke. Idan tiyo ya tsinke, mai zai zube, birki ya yi rauni ƙwarai ko ya mutu.

Mutane da yawa sun san wannan haɗari. Shi ya sa suke matse noti iya ƙarfinsu. Wasu har bututu suke sa wa sifana su hau kai da ƙafa. Wannan ma kuskure ne babba.

Noti yana miƙewa kaɗan idan an ɗaure shi, kamar robar danko, sai dai ido ba ya gani. Wannan miƙewar ce take sa shi riƙe ƙarfe da ƙarfi. Amma tana da iyaka. Idan aka wuce iyakar, notin zai saki jiki, ba zai koma yadda yake ba. Yana iya karyewa a gareji. Mafi muni kuma, yana iya jira sai mota tana gangara da lodi sannan ya karye. Wani lokaci kuma zaren ramin ne zai lalace, wato layukan nan da noti ke bi yana shiga.

Ashe ke nan akwai ma'auni. Kada ya gaza, kada ya wuce.

Mene ne ƙarfin ɗauri?

Duk wanda ya taɓa tura dutse da sanda ya san sirrin. Doguwar sanda ta fi gajeriya ƙarfi. Haka sifana take. Ƙarfin ɗauri ya haɗa abu biyu: nauyin da aka ja da shi, da tsawon sifanar.

Ga misali. A ce sifana tana da tsawon mita 1. Aka rataya mata nauyin kilo 8 a ƙarshenta. Ƙarfin ɗaurin ya zama kilo-mita 8. Idan sifanar rabin mita ce, sai an sa kilo 16 kafin a sami wannan ƙarfin.

Yanzu a duba mai hawa bututu. A ce nauyinsa kilo 70 ne, bututun kuma mita 1. Ya ɗora wa notin kilo-mita 70 ke nan. Noti mai kaurin milimita 12, irin na gama-gari, bai fi ƙarfin kilo-mita 8 zuwa 9 ba. Wato an ɗora masa ninki takwas na abin da zai iya ɗauka.

Ina ake samun lambar gaskiya?

Kamfanin da ya ƙera mota shi ne ya gwada notunanta. Ya rubuta ƙarfin ɗaurin kowanne a cikin littafin gyaran motar. Wannan littafi shi ne alƙali. Ba ƙaramin littafin da ake bai wa mai saye ba, a'a, babban na makanikai.

Bayan na kamfani, akwai littattafan Haynes na ƙasar Ingila, da Turanci. Akwai kuma Revue Technique Automobile na ƙasar Faransa, da Faransanci. Wannan zai fi sauƙi ga makanikan Jamhuriyar Nijar. Dukansu sun yi littafi a kan Fijo 504. A cikinsu akwai shafin da aka jera lambobin ɗaurin notunan birki.

Ana iya cigiyar irin waɗannan littattafai wurin tsofaffin makanikai. Ana iya tambaya a kwalejojin fasaha da ke koyar da gyaran mota. Ana iya dubawa wurin masu sayar da tsofaffin littattafai. Wanda ya samu ya kwafi lambobin a takarda, ko ya ɗauki hoton shafin da wayarsa. Ya liƙa takardar a bangon gareji don yara masu koyo su gani.

Kafin a karɓi lamba, a tabbatar da abu uku.

Na ɗaya, wace mota ce, kuma ta wace shekara? Motar da aka daɗe ana ƙerawa takan sami canje-canje. Lambar bodi da ke jikin ɗan farantin ƙarfe a ƙarƙashin bonet za ta taimaka.

Na biyu, kalifar da ke jikinta ta asali ce? Kamfanonin mota sukan sayi kayan birki daga wasu kamfanoni, kamar Girling da Bendix da ATE. Sau da yawa sunan yana rubuce a jikin kalifar. Tsohuwar mota ta sha hannu. Mai yiwuwa an taɓa sa mata kalifar wata mota daga kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Idan haka ne, sai a nemi lambar da ta dace da kayan da ke jikinta yanzu.

Na uku, gaba ne ko baya? Lambar gaba daban, ta baya daban.

Lambar da aka ji a bakin wani ba hujja ba ce. Idan mutum biyu suka faɗi lamba biyu, a koma ga littafi.

Awo iri huɗu

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Kamar yadda mudu da tiya ba ɗaya ba ne, haka awon ɗauri yake da iri-iri. Dole a dubi haruffan da ke bayan lamba.

Nm: ana karanta shi niyuton-mita. Shi ne awon da aka fi amfani da shi yanzu. An sa masa sunan wani masani ɗan Ingila, Isaac Newton.

kgm ko mkg: shi ne kilo-mita. Tsofaffin littattafai suna amfani da shi. Kilo-mita 1 ya yi kusan Nm 10.

m.daN: ana samunsa a littattafan Faransa. Guda 1 daidai yake da Nm 10.

lb ft: awon Ingila da Amurka ne. Guda 1 ya yi kusan Nm 1.36.

Ke nan Nm 100 ya yi kusan kilo-mita 10, ya yi kusan lb ft 74.

Ga yadda kuskure ke faruwa. Littafi ya ce lb ft 60, wato kusan Nm 81. Bakanike ya saita sifanarsa a kan Nm 60. Ɗaurin ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wani littafin kuma ya ce Nm 80. Aka saita a kan lb ft 80, wato kusan Nm 108. Wannan karon ɗaurin ya wuce.

Akwai kuma lb in, wanda ake auna ƙananan notuna da shi. Sai an tara 12 suke zama lb ft 1. Wanda ya ɗauki lb in a matsayin lb ft zai karya noti nan take.

Ba duk notin birki ne ɗaya ba

A wurin kalifa akwai notuna kala-kala. Kowanne da lambarsa.

Manyan notuna biyu su ne ke ɗaure kalifa, ko mariƙinta, a jikin ƙafar mota. Su ne suka fi bukatar ƙarfi.

Wasu kalifofi suna zamewa a kan 'yan sanduna. Notunan sandunan ƙanana ne. A motoci da yawa ɗaurinsu bai kai rabin na manyan ba.

Akwai notin tiyon mai. A wasu motoci cikinsa rami ne, domin mai yana bi ta ciki. Saboda haka ba ya jure matsi. Yana tafiya da washar jan ƙarfe, kuma a sa sabuwa duk lokacin da aka kwance.

Akwai ɗan bakin da ake fitar da iska ta cikinsa. Wannan ya fi kowanne saurin karyewa. Ɗauri kaɗan ya ishe shi, wajen Nm 10 ko ƙasa da haka.

Wasu kalifofi kuma ɓari biyu ne aka haɗa da notuna. Waɗannan ba na kwancewa ba ne idan takalmi kawai za a canza. Idan aka raba su, mai yana iya yoyo ta tsakani.

Idan littafi ya gagara

Wani lokaci za a nema a rasa. To, notin kansa yana ba da labari. A wanke kansa a duba. Za a ga lamba kamar 8.8 ko 10.9 ko 12.9. Wannan ajin ƙarfinsa ne. Mai 10.9 ya fi mai 8.8 ƙarfi. Notin da ba shi da lamba, ko mai 4.6 ko 4.8, ba na birki ba ne. Kada a yarda a sa shi, ko da ya shiga ramin daidai.

Sannan a auna kaurin jikin notin, ba kansa ba. M10 yana nufin kaurin milimita 10. Girman sifana ba shi ne kaurin noti ba. Noti M10 yakan ɗauki sifana 17 ko 16, a motocin Japan kuma 14. Noti M12 yakan ɗauki 19 ko 18, a motocin Japan 17.

Injiniyoyi suna da jadawali na gama-gari. Ga kimanin abin da yake cewa:

M8 mai 8.8: kusan Nm 25.
M10 mai 8.8: kusan Nm 50.
M10 mai 10.9: kusan Nm 70.
M12 mai 8.8: kusan Nm 85.
M12 mai 10.9: kusan Nm 120.

A lura da kyau. Waɗannan lambobi na noti ne mai cikakken jiki da ke shiga cikin ƙarfe mai ƙarfi. Ba su shafi notin tiyo ba, ba su shafi bakin iska ba. Ba su shafi notin da ke shiga cikin alminiyam ba. Amfaninsu shi ne su nuna wa mutum ko lambar da aka faɗa masa ta yi kama da gaskiya. Duk inda littafin mota ya saɓa da jadawalin nan, littafi ake bi.

Tsofaffin motocin Ingila da na Amurka kuma da inci aka yi notunansu. Alamar ƙarfinsu daban ce. Kada a tilasta notin milimita cikin ramin inci. Zai shiga kaɗan ya cije, ya ɓata zare.

Sifanar awo

Hannu ba ya awo. Ƙarfin mutum da safe daban, da yamma daban. Na saurayi daban, na dattijo daban. Shi ya sa aka yi sifanar awo, wadda makanikai ke kira tok renci.

Akwai mai allura, wadda ke nuna lamba yayin da ake ja. Akwai kuma mai ƙara. Ita wannan ana murɗa mariƙinta a saita lamba. Idan ɗauri ya kai, sai ta yi ƙas. Da an ji wannan ƙara a tsaya. Ƙarin ja bayan nan wuce iyaka ne.

Ga ƙa'idojinta. A riƙe ta a tsakiyar mariƙi. A ja a hankali, ba da fizga ba. Kada a ƙara mata bututu. Kada a kwance noti da ita. Kada a jefar da ita ƙasa. Idan an gama, a mayar da ita kan ƙaramar lamba kafin a ajiye.

Tana da ɗan tsada, amma tana daɗewa. Makanikan tasha ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi guda ɗaya, su riƙa karɓa-karɓa. Kuɗinta bai kama ƙafar asarar haɗari ɗaya ba.

Dabarar sikeli

Inda babu sifanar awo, akwai dabara. Ana iya aiki da sikelin ratayawa mai ƙugiya, irin na awon kaya.

A sami doguwar sifana. A auna santimita 50 daga tsakiyar noti, a yi alama. A maƙala ƙugiyar sikeli a kan alamar. A ja sikelin a gicciye da sifanar, ba a karkace ba. Idan ana neman Nm 80, wato kusan kilo-mita 8, sai a ja har allura ta nuna kilo 16. Idan Nm 50 ake nema, kilo 10 ke nan.

Lissafin mai sauƙi ne. A rabin mita, ana ninka lambar kilo-mita sau biyu. Dabarar ba ta kai sifanar awo ba, amma ta fi kintace nesa ba kusa ba. A tabbatar dai sikelin mai gaskiya ne.

Tsabta kafin ɗauri

Lamba daidai ba ta amfani a kan noti mai datti. Mafi yawan ƙarfin da ake sawa a sifana, gogayya ce ke cinye shi. Kaɗan ne kawai ke miƙar da noti. Idan akwai tsatsa da ƙasa, sifana za ta yi ƙara tun notin bai kama ba. Idan kuma aka shafa giris, notin zai yi santsi ya shige fiye da kima, alhali lamba ba ta canza ba.

Saboda haka a goge zare da buroshin waya. A share ramin. Kada a shafa mai sai idan littafi ya ce a shafa. A fara murɗa notin da yatsu. Idan ya ƙi tafiya, a fitar a duba, kada a tilasta. A sa notunan biyu tukuna, sannan a ɗaure su bi da bi.

A dubi notin da kyau kafin a mayar. Idan ya sirance a tsakiya, ya riga ya miƙe. Idan tsatsa ta ci shi, ko kansa ya side, ya gama aiki. A canza shi da mai tsawo ɗaya, kauri ɗaya, aji ɗaya. Wasu littattafai ma cewa suke yi a sa sabon noti duk lokacin da aka kwance.

Yawancin notunan birki suna da makulli. Wasu suna da ɗan farantin da ake lanƙwasa kunnensa a jikin kan noti. Wasu kuma ana ɗiga musu ruwan kulle zare, irin su Loctite. Duk abin da aka tarar, a mayar da irinsa. Farantin da kunnensa ya tsage a sake shi.

Lafiyar mai gyara ma abin kula ce. Kada a dogara da jak kaɗai, a tokare mota da ƙafar ƙarfe a kan ƙasa mai tauri. Kada a bar kalifa tana lilo a jikin tiyo, a rataye ta da waya. Kada a hura ƙurar birki da baki ko da iska. Tsofaffin takalma sukan ƙunshi asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Bayan an gama

Kafin mota ta motsa, a taka birki sau da yawa har ya yi tauri. Wanda ya manta da wannan zai taka a hanya ya ji wayam. A duba man birki. A leƙa ko akwai yoyo. A gwada motar a fili, a hankali, ba tare da fasinja ba.

Yana da kyau a ja ɗan layi da fenti daga kan noti zuwa jikin ƙarfe. Idan notin ya motsa, layin zai rabu, ido zai gani. Bayan 'yan kwanaki a sake dubawa.

Direba ya riƙa sauraron motarsa. Ƙara a ƙafa lokacin taka birki gargaɗi ne. Haka jan mota gefe ɗaya, ko laushin birki, ko ɗigon mai a cikin taya. Idan an ga ɗaya daga ciki, a sauke fasinja a nemi gyara. Jinkirin rana ɗaya ya fi kwanciyar wata shida.

Haƙƙin mai mota

Ba kowa ne bakanike ba, amma kowane mai mota yana iya tambaya. Ba raini ba ne a ce, "Maigida, nawa littafi ya ce a ɗaure wannan notin?" Bakaniken da ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar. Zai nuna lambar, ya nuna sifanar, ya nuna tsohon notin da ya cire. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Abubuwan tunawa su ne waɗannan. A nemi lamba a littafin motar. A dubi haruffan da ke bayan lambar. A san wane noti ake magana. A karanta ajin da ke kansa. A tsabtace zare. A ɗaure da awo, a mayar da makulli, a gwada kafin a ɗauki mutane.

Noti abu ne ƙarami, kuɗinsa kaɗan ne. Amma motar kasuwa guda tana ɗauke da iyaye da 'ya'ya na gidaje da yawa. Minti biyar da za a ɓata wajen awo yana iya mayar da su gida lafiya. Rigakafi ya fi magani.